Gaishe Ka, Makarancin Bati

A ƙasashen da ciki ya cika har mutane suka samu sukunin tunani, an shafe shekaru ana kai ruwa rana a kan makomar littafi. Wasu sun ce takarda ta mutu, jana'iza kawai ake jira. Wasu sun ce a'a, na'urar karatun da aka ƙera don ta gaje ta ita ce za ta riga ta kwanta dama, tunda wayar hannu ta zo tana haɗiye duk abin da ta tarar. Ana kiran taro, ana yankar tikitin jirgi, ana kwana a otal. Da sun yi tambaya da an hutar da su. Su sauka Kaduna, su haye gada, su wuce shataletalen Tasha, su nemi motar Sabo. Amsar da suke nema tana nan zaune a kan benci a Sabon Tasha, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana latsa waya mai tsagaggen gilashi. Shi ne gwanina na yau, Makarancin Bati, wanda ya sauke littattafan da ba su ƙirguwa bai taɓa sayen ko ɗaya ba, kuma yana barcinsa har da minshari.

Kada a ɗauka mutum ɗaya ne ko ɗan gida ɗaya. Tun rikicin 2000 da na 2002 garin nan ya dare biyu, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma gefen kogin da yake ganin zai iya runtsawa. Kwamitocin sulhu sun zauna sun tashi. Abin da ya gagare su, gwanina ya yi shi ba tare da ko kwabon alawus ba. Yana Narayi, yana Makera, yana Barnawa, yana Unguwar Romi da Nassarawa. Ran Juma'a yana sahun gaba, ran Lahadi yana cikin mawaƙan majami'a, sau da yawa ma ɗankwali ne a kansa. Duk inda yake maganarsa ɗaya ce, ba ta sauyawa da addini ko ƙabila: "Don Allah mai kammalallen littafin nan ya taimaka ya turo min." Mutum ne mai tarbiyya, ba ya taɓa kayan wani sai ya ambaci sunan Allah.

Wanda yake son ya san girman mutumin nan sai ya waiwayi 2007. A watan Mayun shekarar, hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta tara littattafan soyayya na Hausa a Kano ta cinna musu wuta a bainar jama'a. A shekarar ce masaƙar UNTL ta Kakuri ta rufe ƙofa, dubban ma'aikata suka koma gida, shekara biyar bayan KTL, uwar masaƙun garin da aka buɗe tun 1957, ta yi shiru. Sai ga watan Nuwamba, can Amurka kamfanin Amazon ya fito da Kindle ta farko a kan dala 399. A shekara guda an ƙona takarda, an tsinke albashin da ake sayen takarda da shi, an kuma haifi magajiyar takarda. Da wani rago ne sai ya zauna yana sharar hawaye. Gwanina ya dubi lamarin da idon basira ya ce zamani ya sauke masa nauyi: daga yau karatu ba ya bukatar takarda, saboda haka ba ya bukatar kuɗi. Rabin farko na wannan magana Amurkawa ne suka gano shi. Rabi na biyu namu ne, kuma har yau ba wanda ya kira mu ya ba mu lambar yabo.

A yi wa na'urar adalci, ita da 'yar'uwarta Kobo ba su da laifi. Fuskarsu ba ta dallare ido irin ta waya. Wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ƙarƙashin gilashin, suna tasowa su zana harafi su tsaya cak, ba sa shan wuta sai za a juya shafi. Shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni, kuma da tsakar rana tsaka a garejin Unguwar Talbijin mutum zai karanta abinsa ba tare da ya kare da tafin hannu ba. In akwai unguwannin da aka ƙera wannan abu dominsu, to su ne waɗanda suka yi shekara da shekaru suna zuba ido ga tashar wutar Kudenda mai megawat 215, wadda aka ba da kwangilarta tun 2009. Matsalar kuɗin ne. Da Amazon ya fito da mai launi a Oktoban 2024, wadda ita ce ta dace da littafin zane, dala 280 ya yanka mata, a lokacin da dala ta haura naira 1,500, mafi ƙarancin albashi kuma yana 70,000. Albashin wata shida ke nan, ba ci ba sha, kafin a kai ga sayen littafin farko. Gwanina ya buga lissafi ya ce a kai kasuwa, kuma a nan ko maƙiyinsa ba zai ce ya yi wauta ba.

Na'urarsa wayarsa ce, ɗakin karatunsa kuma rumfar mai caji. Ku je ku gani. Allon katako ne da aka jera wa soket sahu-sahu, wayoyi sun rataya ta ko'ina, kowace da ɗan salatif a bayanta an rubuta lamba da biro. A bayan rumfa ƙaramar janareta na tari. A kusurwa ga yaro da tsohuwar kwamfuta wadda aka tokare murfinta da kwalbar lemo, aikinsa turi: fassarar Indiya, wa'azi, waƙoƙin majami'a, da wata jaka guda da aka cusa littattafai a ciki ba tsari ba lissafi, wasu ma sunan marubucin ya zube a hanya. Ka miƙa memori da 'yan canji, ya cika maka abin da ba za ka gama ba har furfura. Abin sha'awa a wannan tsari shi ne kowa yana samun nasa. Mai caji ya karɓa, mai fetur ya karɓa, yaro mai turi ya karɓa, mai canja gilashi ya karɓa. Kamfanonin waya ma da aka amince musu ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, gwanina ya yi tsaki ya biya, bai roƙe su don Allah ba. Mutum ɗaya tak aka keɓe, aka tsare masa mutunci daga dattin kuɗi, shi ne wanda ya rubuta littafin.

Ko in ce wadda ta rubuta, don yawancinsu mata ne. Sai yara sun yi barci, an kife kwanuka, sannan ta jingina da bango ta shiga bugawa da manyan yatsu biyu har wuya ya ƙage. Ta saki labarin kashi-kashi a WhatsApp, ko Wattpad, ko ArewaBooks. Shafukan farko kyauta ne. Daidai inda kishiya ta bankaɗo asiri sai ta ja birki ta ce daga nan na kuɗi ne, ɗari uku ko ɗari biyar, ga lambar asusu, a turo shaidar biya. Wannan dabara ta a ɗanɗana maka sannan ka biya, ita ce Koriya ta Kudu ta gina manyan kamfanoni a kanta. Naver na can ya sayi Wattpad ɗin kansa a 2021 a kan kimanin dala miliyan 600, reshensa na labarin zane, Webtoon, ya shiga kasuwar hannun jari ta Amurka a 2024. Matanmu sun gano hanyar su kaɗai, ba mashawarci ba taron bita. Bambancin kawai shi ne Allah bai albarkaci Koriya da gwani irin nawa da yawa ba. A nan mutum ɗaya zai biya ɗari biyar, ya kwashe shafukan tsaf, ya haɗa su dokumen guda, kafin gari ya waye sun zaga zaure goma. Marubuciyar takan rubuta a saman kowane shafi cewa duk wanda ya fitar mata da littafi ba ta yafe ba, Allah ya isa. Ku ga riƙon amana: gwanina yana kwafe har da Allah ya isan, ko wasali ba ya ragewa.

Kuma yana da hujjoji, don ba jahili ba ne. Ya ce ilimi ba abin sayarwa ba ne. Ya ce ai tallata ta yake yi, ita ya kamata ta gode. Ya ce me ta rasa, littafinta ba yana nan a wayarta ba? A zamanin duhun kai, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu ke tashe a shekarun 1990, wanda ba shi da kuɗin saye yakan je wurin mai haya. Shi kuwa mai haya, don ƙauyanci, sai ya sayi kwafi da kuɗinsa, in ya yage a hannun masu karatu ya sake sayen wani, ta haka wani abu yake ɗiga har aljihun marubuci. Dokumen ba ya yagewa. An toshe wannan ɓarakar.

An samu wani ɗan taurin kai, Okechukwu Ofili, da ya kafa OkadaBooks a 2013 don marubucin Najeriya ya sa littafinsa a waya ya sayar da araha ba tare da ya durƙusa wa maɗaba'a ba. Marubutan Hausa da dama sun shiga. Ranar 30 ga Nuwamban 2023 aka rufe shi. Kamfanin ya ɗora laifin a kan halin da tattalin arziki ya shiga, gwanina kuma saboda kawaici bai fito ya nemi a ambaci gudunmawarsa ba.

Akwai ma inda duniya ta zo ta same shi a kan gaskiya. A 2009 Amazon ya miƙa hannu daga nesa ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin mutanen da suka biya kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, aka mayar wa mutane kuɗi, littattafan suka ɓace. Comixology, babbar manhajar littattafan zane da Amazon ya saya a 2014, an narkar da ita cikin ta Kindle a ƙarshen 2023, masu amfani da ita suna ji suna gani. A Fabrairun 2025 aka rufe ƙofar da mai saye ke bi ya sauke littafinsa a kwamfuta ya adana. Ashe wanda ya ɗauka saye ya yi, haya ya karɓa. Memorin gwanina kuwa ba mai iya goge shi daga Amurka, kuma ko a ƙarshen 2021 da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda 'yan bindiga, karatunsa bai tsaya ba. Daga wannan gaskiya ya ciro hukunci mai ban mamaki: tunda attajiran Amurka suna yi wa mai saye wayo, shi zai rama a kan wata matar aure da ke ɗakin haya a Unguwar Boro. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa.

Duk wannan somin-taɓi ne. Babbar hidimar da ya yi wa al'umma, wadda ta sa na ga ya wajaba a gaishe shi a rubuce, ita ce ya tsare mu daga wata fitina da ta addabi ƙasashe da yawa, wato labarin zane na manya. Ina nufin littafin da ake jera labari hoto bayan hoto, magana na fita daga bakin mutane cikin 'yan da'irori, amma an yi shi ne don magidanta masu kuɗin haya da bashi da ciwon baya.

Fitinar ta taɓa leƙo mu. Dattawan Kakuri za su tuna mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, mai hula da sigari, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970. Za su tuna Ikebe Super da Wale Adenuga ya fara a 1976, gidan su Papa Ajasco da Boy Alinco. Waɗanda ba su jin kunyar jikokinsu za su tuna har da mujallar Lolly da Daudanta, wadda mazauninta ƙarƙashin katifa ne. Ƙatti masu gemu suna cire kuɗi ran albashi suna sayen zane, abin kunya. Allah ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku suka bi juna suka kwanta, Adenuga ya kwashi mutanensa ya koma talbijin. Aka samu lafiya. Sai dai cutar ba ta fita daga jini ba, don har gobe zanen siyasa na Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yakan riga jaridar kanta zaga wayoyin manya. Kwaɗayin yana nan. Abin da ake tsoro shi ne a samu mai dafawa.

Masu iya dafawar kuwa suna nan birjik. Akwai wani yaro a Narayi, irinsa sun cika daga Kamazo har Gonin Gora, wanda in ya kalle ka sau ɗaya zai fitar da kai a bayan kwalin sigari har da yadda kake karkata hula. Ya san aikin shafi guda. Za a raba shi gida-gida, a san inda ido zai fara da inda zai sauka. A yi fensir, a goge, a sake. A bi da tawada. A zuba launi a kwamfutar da aka saya ta hannu, wadda batirinta ba ya kai sallar la'asar. Sannan a dasa magana a inda ba za ta rufe fuskar mai yin ta ba. Yini guda cur ke nan in wuta ta yi kirki, sau da yawa biyu. Littafi mai shafi 100 zai cinye masa watanni, kuma a watannin nan ciki ba ya tafiya hutu. Marubuciya tana iya jure sata don tana sato lokacin ne daga barcinta. Mai zane ba shi da wannan gatan. Yaron ya dubi abin da ake yi wa yayyensa mata a zaurukan WhatsApp, ya gane karatun tun ba a buɗe masa allo ba. Yanzu fostar jana'iza yake yi, da kyallen taron farkaswa, da kalandar biki, da hoton ɗan takarar kansila wanda yake rage wa tumbi ya ƙara wa haske. Waɗannan ana biya, don ba wanda zai shiga zaure ya ce a turo masa fostar mamacin wani ya yi amfani da ita. Gwanina ya koya wa mai fasaha darasin da jami'a ba ta koyarwa: ka yi aikin da ba ya turuwa.

Da can ana iya fakewa da tsadar bugu. Launi huɗu, faranti huɗu, takarda mai sheƙi daga waje, ga dillalin da zai karɓi kaya ya ce a dawo bayan salla. Daga baya aka fake da cewa shafin zane ba ya zama a fuskar waya, sai an yi ta buɗa shi da yatsu biyu ana ja hagu da dama har labarin ya fice daga rai. Koriyawa, da shisshiginsu, suka warware wannan: suka daina yin shafi, suka jera hotunan a tsaye, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, babban yatsa na turawa sama labari na sauka. Ba maɗaba'a, ba dillali, ba na'urar dala 280. Wayar da ke rataye a rumfar mai caji ta isa. Yau babu abin da ya raba yaron Narayi da masu jin Hausa daga Maraɗi har zangon Kumasi sai mutum ɗaya, kuma alhamdu lillahi mutumin yana tsaye a bakin aikinsa ba dare ba rana.

Ku dubi irin masifar da ya kawar mana. A 2005 wata 'yar Abijan, Marguerite Abouet, ta haɗa kai da mai zane Clément Oubrerie suka fitar da Aya de Yopougon, labarin wata unguwar ma'aikata a ƙarshen shekarun 1970, da 'yan matanta da iyayen da ke aiki a kamfanin giya da cikin shege da ƙaryar arziki. Ya ci kyauta a bikin Angoulême na Faransa a 2006, aka yi fim ɗinsa a 2013, yanzu bare a ƙasashe da yawa sun san lungunan Yopougon. Da an yi sake, da haka za a yi wa Kakuri. Da wani ya zana jiniyar canjin aiki, da kekuna suna malalowa daga ƙofar masaƙa har titi ya toshe, da masu tuwo da masu doya a bakin get suna rubuta bashi sai ƙarshen wata. Da ya zana Bajju da Tibi da Bahaushe da Idoma a layin inji ɗaya, auduga ta yi musu furfurar aro. Da ya zana sabuwar fijo tana fitowa daga masana'antar da aka buɗe a 1975, da wani siririn saurayi mai kakin ma'aikata, Adams Oshiomhole, yana koyon ɗaga murya a masaƙar Arewa. Sannan a juya, a ga get ɗin da kwaɗo, ciyawa ta kai ƙugu, ga dattijo da tsohon fayil a hammata yana zuwa taron neman kuɗin sallama, shekara ta bi shekara, benci na raguwa, har ranar da matarsa ce ta zo da fayil ɗin. A rubutu mutum yana iya tsallake sakin layin da ya dame shi. Fuskar da aka zana kuwa kallonka take yi. Wa yake son wannan bayan cin abincin dare?

Akwai wanda ya fi wannan haɗari. Art Spiegelman ya zana abin da mahaifinsa ya gani a sansanonin Hitila, Yahudawa ɓeraye Jamusawa kyanwoyi, littafin Maus ya karɓi kyautar Pulitzer a 1992. Joe Sacco ya je Bosniya ya zano wani gari da maƙwabta suka wayi gari suna farautar juna, ya fitar da shi a 2000, shekarar da mu ma muke da abin zanawa. A ce wani mara kunya ya ɗauko Fabrairun waccan shekarar a Kaduna. Ga akori-kura ta taso daga Tudun Wada da katifu da tukwane ta nufi kudu, ga wata ta taso daga Unguwar Talbijin da irin kayan ta nufi arewa, suka yi kiciɓis a kan gada, yaran da ke saman kaya suka gane juna don ajinsu ɗaya. A sa wannan da Hausa, harshen da duka motocin biyu ke ji, a wayar yaran da aka haifa bayan an gama rabon gari. Sai su fara tambayar iyayensu wa ke zaune a gidanmu na da, kuma ina maƙwabcin da ya ɓoye mu. Zaman lafiyar da muka gina a kan kowa ya yi shiru ina zai sa kansa?

Ga shaida cewa haɗarin ba zato ba ne. Elnathan John, haifaffen Kaduna, wanda bakinsa bai san tsoro ba, ya rubuta labarin zane na manya, On Ajayi Crowther Street, Alaba Onajin ya zana, kamfanin Cassava Republic ya buga a 2019. Gidan wani fasto ne da abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Sai dai da Turanci ne, a Legas aka kafa labarin, can inda ake zaton akwai mai saye. Sarauniya Amina ma da ta ba Roye Okupe ilhamar jarumarsa Malika, daga Amurka aka fito da ita. Harsashi ya wuce ta saman kanmu.

Ba yau gidan su gwanina suka fara wannan hidima ba, gado ne. Kakuri ta taɓa biyan mutane albashi don su zauna su yi zane, domin duk furen da ke jikin atamfa sai da wani ya fitar da shi da hannu kafin inji ya buga. Sai aka fara ɗaukar zanen a kai Sin, a bugo shi a kan yadi mara nauyi, har da tambarin jabu, a shigo da shi ta ɓarauniyar hanya a sayar a rabin kuɗi. Mai saye ya duba ya ce fure ɗaya ne, me zai sa in biya ninki? Ba shi kaɗai ya kashe masaƙa ba, rashin wuta da tsadar baƙin mai da sakacin hukuma duk sun sa hannu, amma shi ma ya kama ƙafa. Ɗan wanda aka sallama a get ɗin nan shi ne yau yake tura dokumen, yana mamakin yadda aka yi garinsu ba aikin yi.

Kada kuma a ce marowaci ne. Akwai kayan da yake biya jiki na rawa, har da kuɗin zaure na musamman, su ne littattafan batsa da ake sayarwa a rufaffun zauruka. Dalili a fili yake: wannan ba ya shiga taron jama'a ya ce a turo masa, kunya ba za ta bari ba, dole ya bi ta bayan gida da kuɗinsa a hannu. Kasuwa kuwa ba kurma ba ce, ta ji inda kuɗi ke motsi. Wadda ta yi wata shida tana rubuta labarin gwauruwar ma'aikacin masaƙa ta tashi da addu'a da alamar babban yatsa, wadda ta rubuta ɗaya abin ta sayi firji. Washegari gwanina ne na farko a Facebook yana kukan marubuta sun lalata tarbiyya, yana kiran a kawo mana irin hukumar tace fina-finai da ɗab'i da Kano ta kafa a 2001. In wata rana labarin zane na manya ya shigo Hausa, ta ƙofar Dauda zai shigo, don ita kaɗai aka bari a buɗe, shi kuma zai riƙe baki ya ce ai dama ya faɗa.

Japanawa, da rashin sanin darajar irin wannan bawan Allah, sun kama wanda ya buɗe rumbun satar zanensu na Mangamura suka ɗaure shi shekara uku a 2021. Mu ma muna da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, har ta tanadi a sauke kayan sata daga intanet. Tana nan lafiya, ba ta takura wa kowa ba.

Yanzu ma an ce ƙirƙirarriyar basira tana zana duk abin da aka umarce ta cikin ƙiftawar ido, bayan ta yi kiwo a kan ayyukan dubban masu zane ba tare da sallama ba. Gwanina ya ji labari ya yi murmushi, ya gane jininsa. Saboda haka nake ba da shawara, tun yana raye, a naɗa shi Sarkin Bati na Kudancin Kogi. Fili ba zai yi wuya ba, harabar masaƙa tana nan fetal, sai dai a sa yara su sare ciyawa. Makaɗa za a ce su zo don albarka. Katin gayyata kuma an riga an yi magana da yaron Narayi. Ya ce dubu biyar, kwamiti ya ce ya ji tsoron Allah, za a sa sunansa a ƙasa in wuri ya rage.